Tsakanin Ido da Iska: Wa Ke Sassaƙa Jikin Motar Gudu?

Duk wanda ya ga Lamborghini Countach, ko da a hoto ne, zai iya rantsuwa cewa don tsaga iska aka ƙera ta. Ga hanci mai tsini, ga gilashin gaba a kwance, daga kwalta zuwa rufinta kuma da kaɗan ta wuce mita ɗaya. Sai dai injiniyoyi suna da wata lamba da suke auna yadda siffar abu ke turje wa iska, suna rubuta ta Cd, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon sulɓin siffar. Ta Countach tana wajen 0.42. Ta Toyota Prius ƙirar 2015, motar kai yara makaranta da zuwa cefane, 0.24 ce. Motar tseren Formula 1 kuwa, wadda ta fi su duka saurin zagaye fili, tata lambar takan haura 0.7.

Gaskiya ne ba wannan lambar kaɗai ake dubawa ba. Faɗin ƙirjin mota shi ma yana cikin lissafi, kuma ta nan gajartar Countach take rage mata asara. Amma ko da an cire wannan, maganar tana nan: abin da ido ke kira gudu daban, abin da iska ke so daban. Mai zana irin wannan mota ana so ya sa ta ratsa iska cikin sauƙi, ana so kuma ta manne da kwalta, injinta ya samu iskar da zai huce, sannan attajirin da zai biya kuɗin ya gani ransa ya biya. Da wuya a gyara wa ɗaya ba a taɓa rabon ɗaya ba.

Iska tana da nauyi, ko da yake ba ma jin sa. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗai-ɗai ne, iskar cikinsa ta kai kilo 1.2, kuma ita mota ke turewa gefe a kowace daƙiƙa. Wanda ya taɓa hawa babur sanye da babbar riga ya san sauran bayanin. Ana tafiya a hankali rigar kaɗawa kawai take yi. Da an murɗa sai ta cika ta kumbura, tana fizgar mutum baya kamar da hannu. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsere masa take yi. A ninka gudu sau biyu, turjiya ta ninku sau huɗu, ƙarfin injin da ake bukata don karya ta kuma ya ninku sau takwas. Shi ya sa motar da ke yin kilomita 200 a awa ba abin mamaki ba ce yau, amma mai yin 400 sai an tara mata inji irin na fitar hankali.

A lura kuma da inda rigar take kumbura: a baya. Haka abin yake ga mota. Iskar da hanci ya raba dole ta koma ta haɗe bayan motar ta wuce, kuma idan ta saki jikin motar da wuri sai ta bar wata 'yar guguwa mai ƙarancin matsi, wadda ke tsotso motar baya. Masu ƙera jiragen sama na Jamus ne suka fara kawo wannan sani cikin harkar mota. A 1921 Edmund Rumpler ya nuna wata mota a Berlin mai siffar ɗigon ruwa, gaba a dunƙule, baya a tsuke. Ba ta yi kasuwa ba, wasu ma tasi suka ƙare. Da kamfanin Volkswagen ya saka ɗaya a zauren gwajin iska a 1979, sai aka samu 0.28, lambar da yawancin motocin lokacin ba su kai ba. Matsalar ɗigon ruwa ita ce doguwar wutsiya, ga nauyi ga cin wuri. Wunibald Kamm da abokan aikinsa a Stuttgart, cikin shekarun 1930, suka nuna cewa in an fara tsuke jikin sannan aka datse wutsiyar gaba ɗaya, asarar kaɗan ce. Wannan datsattsen baya shi ake gani a Ferrari 250 GTO ta 1962, da Ford GT40, da ita kanta Prius.

Da a ce sulɓi ne kaɗai abin nema, da an gama magana tun lokacin. Amma siffar da ta fi ratsa iska, wato mai doro a sama, shimfiɗaɗɗiya a ƙasa, ita ce siffar fiffiken jirgin sama. Iskar da ke bi ta kan doron tana sauri, matsinta ya ragu, sai motar ta fara yin sakayau. Lamborghini Miura, wadda Marcello Gandini ya zana a gidan Bertone yana ɗan shekara 27 aka kuma nuna a Geneva a 1966, har gobe tana cikin motocin da aka fi yaba wa kyau. Kyan ɗan maciji ne. In ta yi nisa da gudu hancinta ɗagawa yake yi, sitiyari ya yi sako-sako a hannu. Tankin mai a gaba yake, inji a baya, don haka mai yana raguwa, abin da ke danne hancin yana raguwa tare da shi.

Labarin da ya fi fito da wannan matsala fili shi ne na Porsche 917. A 1969 Ferdinand Piëch, jikan Ferdinand Porsche, shi ke riƙe da aikin ƙera motocin tsere na kamfanin, kuma idonsa yana kan gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, inda a wancan lokaci akwai miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne mai kusan kilomita 6 babu kwana. Saboda ita aka yi wa motar wutsiya mai gangarowa, aka aske duk abin da zai tare iska. Gudu kam ta yi. Amma da ta haura 300 sai bayanta ya saki, ta riƙa yawo daga wannan gefen titi zuwa wancan, har direbobin kamfanin da kansu suna ɗari-ɗari da ita. A zagayen farko na gasar shekarar wani direba ɗan Ingila, John Woolfe, ya rasu a cikin tasa. An zargi shokazoba, an zargi ƙashin motar, an taɓa nan an taɓa can, ba a dace ba.

A watan Oktoba aka kai motocin gwaji a filin Zeltweg na Ostiriya. John Horsman, injiniyan tawagar John Wyer ta Ingila wadda Porsche ta damƙa wa tseren shekara mai zuwa, ya ba da labarin abin da ya gani bayan mota ta dawo daga zagaye. Matattun ƙananan ƙwari birjik a hanci da gilashin gaba, amma 'yan fikafikan da ke ƙarshen wutsiya fes suke, sai ɗaiɗaiku can a leɓensu. Ashe iska ba ta ma isa wurin, tun a sama ta saki jikin motar. Ya nemo faranten alminiyam, shi da makanikai suka yayyanka, suka ɗaɗɗaure da sukurori, suka ɗaga wutsiyar ta zama tudun da ke hawa sama zuwa baya. Aikin ba kyan gani, kuma ya ƙara turjiya. Da Brian Redman ya sake fita da ita, motar ta daina yawo, lokacin zagaye ya ragu da daƙiƙoƙi. An daɗe ana ja-in-ja tsakanin mutanen Ingila da na Jamus kan wanda ya fara hango maganin, amma daga wannan faci aka samu 917K, wadda ta ba Porsche nasararta ta farko a Le Mans a 1970, ta maimaita a 1971.

Darasin bai tsaya a filin tsere ba. A 1972 Porsche ta ɗora wani ɗan tudu a bayan 911 Carrera RS 2.7, wanda aka yi wa laƙabi da wutsiyar agwagwa. Aikinsa katse iskar da ke gangarowa ta bayan motar tana ɗaga ta, kuma da ya gyara kwararar sai ma ya ɗan ƙara mata gudu. Irin wannan sa'a ba kullum ake samunta ba. Audi TT ta farko, ta 1998, an so ta ne saboda zagayayyen bayanta da babu ko layi ɗaya da ya ɓata shi. Bayan wasu munanan haɗurra a gudu mai yawa, kamfanin ya kira motocin daga ƙarshen 1999, ya gyara ƙafafunsu, ya saka na'urar hana sulɓewa, ya kuma manna wani ɗan leɓe a kan but. Masu son zanen asali sun yi gunaguni, amma leɓen ya zauna.

Hana mota tashi mataki ɗaya ne. Na biyu shi ne a sa iska ta danna ta ƙasa. Riƙon da taya ke yi wa kwalta ya dogara ne da nauyin da ke kanta, to amma in aka ƙara wa mota ƙarfe don ta yi nauyi, wannan ƙarfen ne zai ja ta waje a kwana, ya wahalar da birki. Iska kuwa nauyin aro take bayarwa: tana danna tayoyin ba tare da ta ƙara wa motar jiki ba. A kifa fiffiken jirgi a ɗora a bayan mota, shi ke nan. Ba'amurke Jim Hall ya yi haka a Chaparral 2E a 1966, da wani babban fiffike a kan dogayen sanduna, mutane suna dariya, kafin shekara uku motocin Formula 1 sun bi sahu.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma lissafin yana nan a rubuce a takardun Porsche. Motarsu 911 GT3 RS ta 2022 tana da nauyin kilo 1,450. A gudun kilomita 200 iska tana ƙara mata kilo 409, a 285 kuma kilo 860. Fiffikenta ya fi rufin motar tsayi. An sadaukar da wurin ajiye kaya na gaba aka dasa lagireto guda babba a tsakiya, don gefe da gefe su zama hanyar iska. Injinta yana da ƙarfin dawaki 525, na 'yar'uwarta GT3 kuma 510, amma GT3 tana kai 318 a awa, ita RS ɗin a 296 take tsayawa. Mai saye ya ƙara kuɗi ya samu motar da ta fi ƙarfi amma ba ta kai gudu ba, kuma ba a cuce shi ba, domin a filin Nürburgring mai kilomita 20.8 da kwanoni barkatai ta gama zagaye cikin minti 6 da daƙiƙa 49. A kwana take karɓar bashinta.

Wannan fiffike ne mai aiki. Akwai kuma na ado, kuma Countach ce ta koya wa duniya son sa. Wani attajiri ɗan Kanada, Walter Wolf, ya sa aka ɗora wa tasa babban fiffike a tsakiyar shekarun 1970, daga baya kamfanin ya mai da shi abin zaɓi ga mai so. An san yana rage wa motar gudu, amma masu saye suka yi ta nema, saboda da shi take fitowa a hotunan da samari ke mannawa a bango. Daga nan al'adar ta bazu har ta iso kan but ɗin ƙananan motocin samarinmu. Dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar wa motar gida kilomita 100 a awa a babbar hanya. A wannan gudu ko GT3 RS, da duk dabarun da aka zuba mata, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waccan 409 take samu, balle wani ɗan filastik da aka ɗaura da sukurori huɗu a kan motar da tayoyin gaba ke ja. Ban ga laifin mai son ado ba, ya dai san ado ya saya.

Wurin da aka fi samun riba ido ba ya kai wa gare shi, wato ƙarƙashin mota. In aka tsuke hanyar iska tsakanin cikin motar da kwalta, sannan aka buɗe ta a hankali zuwa baya, iskar takan yi sauri a matsatsin, matsinta ya faɗi, ƙasa ta tsotso motar. Turjiyar da wannan ke jawowa ba ta kai ta fiffike ba. Peter Wright da abokansa na tawagar Formula 1 ta Lotus suka gano ƙarfin abin a zauren gwajin iska na Imperial College a Landan, aka gwada a Lotus 78 a 1977, Mario Andretti ya ci kambun duniya da Lotus 79 a 1978. A shekarar ne Gordon Murray, haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, ya rasa wurin yin irin wannan rami saboda faɗin injin motar da yake ƙera wa tawagar Brabham, sai ya dasa fanka a bayan motar tana zuƙe iskar ƙasa, ya ce ai don sanyaya inji ce. Niki Lauda ya ci tseren Siwidin da ita, sauran tawagogi suka tada jijiyar wuya, aka janye ta bayan tsere ɗaya tak.

Sai dai dabarar ƙasa tana da sharaɗi mai tsanani: tazara da kusurwar da ke tsakanin mota da kwalta kada su kuskura su sauya. A Le Mans ta 1999, Mercedes CLR, mai dogon hanci da shimfiɗaɗɗen ciki, ta tashi sama sau uku cikin kwana uku. Sau biyu da Mark Webber kafin a fara gasar, na uku da Peter Dumbreck ana tsakiyar tsere, duniya tana kallo a talabijin. Yana bin wata Toyota a baya, wadda ta hargitsa iskar da ke danne masa hanci, suka hau wani ɗan tudu, hancin ya ɗan ɗaga, iska ta shige ƙasa. Motar ta yi ta juyi a sama, ta tsallake shinge ta faɗa cikin daji. Allah ya yi da sauran kwana, duka direbobin biyu sun tsira. Kamfanin ya janye motar da ta rage nan take.

Saura zafi, wanda masu kallon hoto ba sa tunawa da shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙarfin fetur ke isa taya, sauran zafi ne da dole a fitar ta salansa da lagireto. Kowace kafa da aka buɗe don iska ta shiga kuwa, turjiya ce. Countach ɗin da Gandini ya nuna a Geneva a 1971 sumul take, 'yan tsagogi kawai ne a kafaɗunta. Da aka fara tuƙa ta inji ya yi ta zafi, kafin ta shiga kasuwa a 1974 an ɗora mata akwatunan shan iska a kafaɗa, an huda mata manyan kafofi a ƙofa. Abin dariyar shi ne waɗannan facin ne yanzu mutane ke ɗauka a matsayin ainihin kamanninta.

Babu motar da ta sha wannan wahala kamar Bugatti Veyron, kuma a nan ma Piëch ne, a lokacin yana shugaban Volkswagen, wadda ta sayi sunan Bugatti a 1998. Ya amince da siffar motar, ya shelanta wa duniya cewa za ta haura ƙarfin dawaki 1,000 da gudun kilomita 400, sannan aka miƙa wa injiniyoyi aka ce su cika alkawari ba tare da sun sauya fuskar ba. Siffar dunƙulalliya ce, ba irin wadda iska ke so ba. Inji mai silinda 16 da turbo huɗu ya bukaci lagireto goma. Maganin da suka samo, da motar ta fito a 2005, shi ne ta riƙa sauya jiki da kanta. Da ta kai 220 sai ta duƙa, fiffiken baya ya fito ya danne ta, kuma a haka iyakarta 375. Mai son ganin 407 sai ya tsaya cak, ya zura makulli na biyu a wata kafa kusa da kujerar direba. Motar ta ƙara duƙawa har hancinta ya rage santimita 6.5 daga ƙasa, kafofin ƙarƙashin gaba su rufe, fiffike ya kwanta, lambar turjiya ta sauko 0.36. In ya taka birki da ƙarfi a gudu mai yawa, fiffiken ya miƙe tsaye cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, lambar ta haura zuwa 0.68, iskar da ake gudu ɗazu ta koma mai taimakon tsayawa. A cikakken gudu, tankin lita 100 wajen minti 12 yake yi.

Masu ƙera motocin yau sun rabu gida biyu. Gida ɗaya ya sallama wa iska fili. McLaren Senna ta 2018, mai samun nauyin aro har kilo 800, duk jikinta tsagogi ne da kafofi da fikafikai, kuma da aka nuna ta mutane da yawa sun kira ta mummuna, amma guda 500 da aka shirya yi an riga an saye su. Gida na biyu na Murray ne. McLaren F1 da ya ƙera tare da mai zane Peter Stevens, aka nuna a 1992, ba ta da tsayayyen fiffike, 'yan fankoki biyu ne a ɓoye suke taya ƙasan motar aiki, kuma a 1998 Andy Wallace ya kai ta kilomita 386 a filin gwajin Ehra-Lessien na Jamus.

Ni dai a motar da za ta hau titi da lamba, ina bayan Murray. Kilo 800 na iska sai a gudun da babu titin jama'a da ya dace a yi shi, don haka mai Senna yana yawo ne da kayan aikin da ba zai taɓa ba sai ranar da ya biya kuɗin shiga fili. Ba na cewa munin nata ƙarya ne. Kowace tsaga tana da aiki, kuma wannan ya fi fiffiken Countach gaskiya. Amma wanda ya iya samun riƙon ƙasa ya kuma bar wa ido rabonsa ya yi aiki biyu, kuma nasa ya fi wuya. Ko shi ɗin ma bai tsira gaba ɗaya ba. A T.50, wadda kamfaninsa ya nuna a 2020, guda 100 kacal, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ya dawo da dabarar 1978 ta wata fuska: fanka tana zuƙe malalaciyar iskar da ke manne wa ramin ƙasa, don a iya karkata ramin sama da kaifi ba tare da kwarara ta yanke ba. Saman motar ya fita sumul, sai 'yan ƙananan fikafikai biyu masu motsi a gefen baya. Fankar kuwa faɗinta santimita 40 ne, babu inda za a ɓoye ta, tana zaune a tsakiyar bayan motar tsakanin fitilu, kuma ita ce abu na farko da masu sukar zanen suka nuna da yatsa.